Littafin jitata mai kogo, tun daga ranar da ta shigo hannuna

6 ga Janairu 2024

To alhamdulillahi yau dai ta iso. Kusan shekara huɗu ina tari ina fasawa ina sake tari, yau ga ta a ɗakina. Na ce bari in riƙa rubuta duk abin da na yi mata da kwanan wata, don irin wannan jitar abu kaɗan za ka taɓa sauti ya canza, in ba ka rubuta ba nan da wata biyu ba za ka tuna me ka murɗa ba.

Da aka kawo ban buɗe akwatin nan take ba, sai da na bar shi awa biyar a kusurwar ɗaki, kuma wallahi awa biyar ɗin nan sun yi min tsawo. Fentin jikinta naitiro ne irin na da, siriri sosai, in ya fito daga sanyi ya shiga ɗumi farat ɗaya sai ya yi tsaga-tsaga kamar silin gashi saboda katakon da fentin ba tare suke motsi ba, kuma in ya tsage ya tsage kenan.

Ta hannu ce, mutum ɗaya ya riƙe ta kafin ni. Faɗinta inci 17 a ƙugu, kaurin gefe inci 3, fuskar katakon sufurus ne da aka sassaƙa da hannu har ya yi doro, baya da gefe mefil mai zane kamar harshen wuta, allon yatsu eboni baƙi ƙirin. Fikof ɗaya tak, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai amfilifaya, irin mai naɗin waya biyu da ake ce wa hambaka, a gindin wuya. Cikinta kuwa ba komai sai iska, da ramuka biyu masu siffar f a fuska. Wannan ƙirar ba sabuwa ba ce, tun farkon shekarun 1920 Lloyd Loar, wani mai tsara kayan kiɗa a kamfanin Gibson, ya ɗauko ramukan nan daga goge irin na Turawa ya ɗora wa jitarsu mai doro L-5, a lokacin ko wutar ma ba a fara sa wa jita sosai ba, so ake ta yi ƙara da kanta a ji ta a cikin masu busa. Sai 1951 aka fitar da L-5 ɗin mai lantarki. Tawa kan wannan tsarin aka yi ta.

Ban jona ta ba tukuna. Na zauna bakin gado na buga kod ɗaya kawai, wato sautuka da yawa a tare, sai na ji shi a ƙirjina da cikina kafin ma ya gama shiga kunnena, bayan jitar yana kaɗawa a jikin rigata. Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa mai dunƙulen katako ban taɓa jin wannan ba. Na fi awa biyu a haka.

Abin da nake so kafin ƙarshen Afrilu: in saita ta ta dace da hannuna, in iya tsayawa da ita a cikin ƴan ƙungiyarmu da ganguna da bes ba tare da ta yi kuwwa ba, sannan in ɗau sauti ko guda ɗaya ne mai kyau.

9 ga Janairu

Yau raina ya ɓaci. Na zo canza tsirkiya sai na kwance duka shidan a tashi ɗaya kamar yadda na saba yi wa tsohuwar jitata, ai kuwa sai jakin ya zame ya faɗi ƙasa, wato ɗan katakon nan da tsirkiya ke hawa kansa wanda masu jita ke ce wa birij. A wannan jitar ba a manne shi ba, ba kusa ba gam, nauyin tsirkiya ne kawai ke danne shi. Na san da haka fa, na karanta ba sau ɗaya ba, hannu ne ya riga tunani. Wutsiyar ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi ma ta sauko ta taɓa fuskar ta bar wani ɗan ɗigo kamar kan allura. Ba wanda zai gan shi sai ni, amma ni ina ganinsa.

Mayar da jakin ya ci min yamma guda. Tsawon tsirkiyarta inci 25.5 ne, milimita 648 kenan daga natin saman wuya zuwa kan jaki, firet na 12 kuma, wato na sha biyu cikin ƴan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, shi ne tsakiya, 324. Na auna da tef na ajiye shi a nan, na ga ya zo daidai da ƴan tsagin tsakiyar ramukan f, to daga nan sai aikin kunne da na'urar saiti. Ka taɓa tsirkiya sama-sama a kan firet na 12 ta ba ka siririn sautin nan, sannan ka danne ta a wurin, su biyun dole su zo ɗaya. In wanda ka danne ya haura, ka ja jakin baya wajen wutsiya, in ya gaza ka turo shi gaba wajen wuya. Kowane motsi sai ka sassauta tsirkiya tukuna don kar ƙafar jakin ta kankare fenti. Na yi ta farko da ta shida har suka zauna, jakin ya ɗan karkace kaɗan, ɓangaren masu kauri ya fi ja baya, haka ya kamata ya kasance.

Daga yau ɗaya bayan ɗaya zan riƙa canzawa, kuma da tsumma a ƙarƙashin wutsiya.

14 ga Janairu

Tsirkiyar da na sa ranar nan masu kaushi ne sirara, masu farawa daga .010, su na saba da su. Ba su dace da ita ba sam. Sautin ya fito ƙaraf-ƙaraf kamar ana kaɗa waya a kan kwali, kuma ta uku wato G ta ƙi zama daidai ko na yi yaya. Sai da na zauna na kalli jakin sosai na gane, an sassaƙa kansa ne don G mai naɗi, ni kuma na sa mara naɗi, shi ya sa take haurawa duk inda na danna a sama.

Na cire su na sa masu sulɓi, filat, .012 zuwa .050 da G mai naɗi. Kai, bambancin kamar an buɗe taga. Fuskar sassaƙaƙƙiyar jita tana son nauyi a kanta kafin ta motsa yadda ya kamata, siraran tsirkiya ba sa iya tura ta. Ƙiiii ɗin nan da yatsa ke yi in ya zame shi ma ya tafi. Abin da na rasa shi ne lanƙwasa tsirkiya, da ƙyar nake tura G rabin mataki, kuma kan yatsuna sun yi ja suna zafi. Na yarda da wannan cinikin.

20 ga Janairu

Sabbin tsirkiyoyin sun ja wuyan gaba kaɗan. Na sa kafo, wato maƙalin da ke danne duka tsirkiyoyi, a firet na 1, na danne inda wuya ya haɗu da jiki, na zura fila gej irin na makanikai a firet na 7, na samu kusan milimita 0.4. Ya yi yawa. Na buɗe murfin kai na ɗaure sandar ƙarfen cikin wuyan kashi ɗaya cikin takwas na zagaye zuwa dama, na bar ta ta kwana. Da safe 0.25. Na ƙara ɗan kaɗan, yanzu 0.2. Tsayin tsirkiya a firet na 12: milimita 2 a ta shida, 1.6 a ta farko. Haka zan bar ta.

27 ga Janairu

Kwana biyar ina farautar wani zzzz da ke fita in na buga G a tsirkiya ta huɗu firet na 5, a nan kaɗai, ko gaba ko baya da firet ɗaya babu. Da farko na ɗauka firet ne, amma da na buga wannan G ɗin a wata tsirkiyar sai ya sake fitowa, na ce to ba firet ba ne, wani abu ne a jiki yake amsa wa wannan sautin. Jita mai kogo haka take, duk abin da ya yi sako-sako a jikinta sai ta sa shi waƙa.

Na bi su ɗaya-ɗaya, ina bugawa da hannu ɗaya ina dafa abu da ɗayan. Maɓallan saiti, babu. Murfin sandar wuya, babu. Wutsiya, babu. Farantin kariyan da ke ƙasan tsirkiya na ɗaure notinsa ya ragu kaɗan amma bai tafi ba. Sai na samo ƙaramin madubi mai dogon hannu irin na masu duba haƙori na zura ta ramin f, na haska da fitilar waya ta ɗaya ramin.

Gaskiya na daɗe ina kallon cikin nan har na manta me na je nema. Sanduna biyu sirara sun miƙe a ƙarƙashin fuskar daga wajen wuya zuwa ƙasa, su ne ke ɗauke da duk nauyin da jaki ke dannawa, fikof ɗin yana zaune a tsakaninsu. Katakon fari sol ba fenti, ana ganin sawun ƙaramin rindan da aka sassaƙa shi da shi layi-layi, ga wani ɗan zanen fensir inda maƙerin ya yi alama bai goge ba. Ƙamshin katako yana fitowa ta ramin. Wani mutum ya zauna kwana da kwanaki yana rage katakon nan yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ban san shi ba amma ga hannunsa nan.

Can na hango wayar da ta taso daga fikof zuwa maɓallin bolum ta saki daga ɗan maƙalinta tana shafar fuskar daga ciki. Da wata lanƙwasasshiyar waya mai roba a baki na ɗaga ta na mayar. Zzzz ya ɗauke.

3 ga Fabrairu

Gwaji na farko da ƴan ƙungiya, kuma abin bai yi daɗi ba. A gida ƙasa-ƙasa nake kunna amfilifaya shi ya sa ban san abin da ke jirana ba. Da mai ganguna ya shigo na ƙara bolum don in ji kaina, sai kawai wuuuu, jitar ta kama rawa a jikina kamar za ta tashi, ɗakin ya cika da gurnani, mai bes ya tsaya yana kallona. Na dafe tsirkiyoyi ya tsaya, na saki ya dawo. Inda ya fi tsanani B filat ne a tsirkiya ta shida firet na 6, da A na kusa da shi, in na zo nan kamar na taka wutsiyar wani abu.

Yadda abin yake, sautin da ya fito daga sifika yana dukan fuskar jitar, fuskar ta kaɗa, ta girgiza jaki da tsirkiya da fikof ɗin da ke zaune a kanta, fikof ya ɗauka ya mayar wa amf, amf ya ƙara masa ƙarfi ya sake turo shi, haka zai yi ta zagaye yana girma. Shi ne fidbak. Kuma abin da ya sa na ji kod ɗin nan a ƙirjina ranar farko shi ne dai ya jawo wannan, fuskar tana amsa duk abin da ya taɓa ta, ba ta tambayar daga yatsana ya zo ko daga sifika.

Tun da aka fara sa wa jita wuta ake wannan yaƙin. Jitar Gibson ES-150 ta fito a 1936, makaɗin jaz Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman da ita a 1939 ya nuna jita za ta iya tsayawa ta yi magana kamar mai busa, amma amf ɗin lokacin ƙanana ne. Da amf ya yi ta girma sai matsalar ta yi ta girma. ES-175 da ta fito a 1949 fuskarta ba sassaƙa ba ce, falle-fallen mefil ne aka manne aka matse, ta fi tauri ta fi jure ƙara, ita Joe Pass da Jim Hall da Pat Metheny suka daɗe da riƙewa. A 1958 kuma aka zo da ES-335 aka ratsa dunƙulen katako a tsakiyar ciki aka bar kogo a gefe biyu kawai. Ni kuwa na je na ɗauko wadda ta fi kowacce saurin amsawa, ina sane, amma gani ya kori ji.

Na dawo gida jikina a sanyaye.

5 ga Fabrairu

Na gwada toshe ta. B.B. King ma ya yi ta cusa tsumma a ramukan jitarsa saboda wannan kuwwar, har daga baya a farkon shekarun 1980 aka yi masa jita mai suna Lucille da ba ta da ramukan f gaba ɗaya, na ce to ba abin kunya ba ne. Na yanka soso mai laushi na naɗe shi da auduga don kar ya taɓa fenti, saboda naitiro ba ya shiri da roba da wasu irin soso suna narka shi, na tura ciki ta ramuka biyun har ya cika ƙugun.

Fidbak ya ragu sosai, na ƙure amf a ɗaki ba ta yi gurnani ba. Amma da na cire waya na buga kod ɗin nan na ranar farko sai na ji kamar an rufe wa mutum baki da matashi yana magana. Ƙirjina bai ji komai ba. Ta amf ma ɗan tuk ɗin nan na katako da ke zuwa a farkon kowane sauti ya ɓace, ta koma kamar kowace jita mai hambaka. Na zauna ina tunani to in haka ne me ya sa na yi shekara huɗu ina jira, ai tsohuwar tana jingine a bango tana yin wannan ba wahala.

Ko awa ɗaya sosan bai yi a ciki ba na zaro shi da hantsaki ɗai-ɗai.

17 ga Fabrairu

Na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran jita da goge, ya fi shekara talatin yana aikin. Ya karɓa ya juya ta ya ƙwanƙwasa fuskar da bayan yatsa wuri-wuri yana kasa kunne, bai ce komai ba har kusan minti biyar. Na ce Baba ko za a kafa mata ɗan ginshiƙi a ciki tsakanin fuska da baya a ƙarƙashin jaki, na ji yana rage kuwwa. Ya ce yana ragewa, kuma shi zai iya yi cikin awa ɗaya, har ya ba ni labarin yadda makaɗin jita Chet Atkins ya matsa wa kamfanin Gretsch a ƙarshen shekarun 1950 suka ƙarfafa cikin jitocinsa da katakan da suka haɗe fuska da baya, wasu ma ramukan f ɗin zane ne kawai ba a huda ba. Sai ya ce amma ɗana waɗancan don ƙara aka yi su, wannan don numfashi aka yi ta, in ka ɗaure ta ka ɓata aikin wani, je ka gyara tsayuwarka tukuna in ya gagara ka dawo.

Ya tambaye ni ina nake ajiye amf, na ce a ƙasa a bayana. Ya girgiza kai. Ya ce in ɗora shi kan kujera don ƙasa tana ƙara masa gurnani, in mayar da shi hagu ta ɓangaren wuyan jitar ɗan baya kaɗan yadda jikina zai shiga tsakaninsu, kar in taɓa juya fuskarta ta kalli sifika, kuma in rage bes a amf har sai na ji kamar ya yi kaɗan, don a cikin ƙungiya wannan wurin na mai bes ne ba nawa ba.

Abu ɗaya ya taɓa, fikof. Ya danne tsirkiya a firet na ƙarshe ya auna, ɓangaren masu kauri ya matso sosai, ya sauke shi zuwa milimita 3 ya bar na sirara a 2. Yana murɗa sukurun yana min bayanin hambaka, naɗin waya biyu ne da aka juya wa juna baya don su kashe huuum ɗin wutar lantarki, Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson aka fara sa shi a jitoci a 1957, ya ce mutane da yawa suna zaton yana hana fidbak alhali huuum ɗin wuta kawai yake kashewa, kaɗawar katako ba ruwansa da ita. Ni ma haka na zata.

2 ga Maris

Na buɗe akwati na ji tsirkiyoyi suna taɓa firet daga na 10 zuwa sama, kuma da na shafa gefen wuya bakin firet ɗin suna kartar hannuna. Gabana ya faɗi na ɗauka wani abu ya karye a ciki. Na duba ma'aunin danshin da ke ɗakin, kashi 31. Sati biyu kenan na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana ta tsotse iskar. Katakon jita ya fi son kashi 45 zuwa 55, in ya bushe yana tsukewa, doron fuskar ya sauka, jaki ya bi shi ƙasa, tsirkiya ta kwanta kan firet, ebonin allon yatsu shi ma ya tsuke ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa shi ya sa bakinsa ke lekowa. In aka bari ya yi nisa fuskar ce za ta tsage, kuma sufurus da aka sassaƙa ya fi na falle-falle saurin tsagewa nesa ba kusa ba.

Ban taɓa sandar wuya ba, na riƙe hannuna. Na sa ƴan jakunkunan danshi guda biyu a akwatin, ɗaya wajen kai ɗaya wajen ƙugu, na sa ƙaramin ma'auni a ciki na rufe. Na ɗan ɗaga jaki da ƴan tayoyinsa biyu rabin zagaye don in samu in yi atisaye. Ta daina kwana a kan mazauni a waje, in ba a hannuna take ba tana akwati.

9 ga Maris

Cikin akwati kashi 47. Doron ya dawo, na mayar da jaki inda yake. Bakin firet saura kaɗan.

16 ga Maris

Wannan satin ban taɓa sukuru ko ɗaya ba, hannuna nake gyarawa. Na lura rabin kuwwar nan daga tsirkiyoyin da ba na bugawa take farawa, musamman ta biyar a sake, A ce mai kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, dab da inda jikin jitar ya fi amsawa, ko ban taɓa ta ba tana tashi da kanta. A kan mai dunƙulen katako na yi shekaru ina barinsu a sake ba abin da ya faru. Yanzu gefen tafin hannuna na dama yana kwance kan ta biyar da ta shida duk lokacin da nake sama, kuma damtsena yana ɗan dafe fuskar in na zo B filat ɗin nan.

Sannan na ajiye fik, ɗan fallen nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, na koma babban yatsa. Makaɗin jaz Wes Montgomery da shi ya yi duk rayuwarsa, galibi a kan L-5, har ya rasu a 1968, ana cewa ya fara ne don kar ya dami mutane in yana atisaye da dare bayan ya taso aiki. Ni dai abin da na ji shi ne naman yatsa yana fito da wani sauti mai kauri mai zagaye da fik ba ya bayarwa a jitar nan, kamar ita ma shi take jira. Ina koyon oktef irin nasa, wato buga sauti ɗaya na ƙasa da na sama a tare, tsirkiya ta biyar da ta uku da tazarar firet biyu, ta huɗu da ta biyu da tazarar uku, manuniya ta kwanta ta kashe ta tsakiyar, babban yatsa ya share ukun a tare. Matsalata wajen tsallakawa daga tazarar biyu zuwa uku ne, ƙaramin yatsa yana makara. Na sa metironom, na'urar da ke ƙirga bugu, a 60 ina hawa ina sauka minti ashirin kullum, jiya na kai 76 ba tuntuɓe. Gefen babban yatsan ya yi bororo ya fashe yanzu ya fara kanta.

30 ga Maris

Gwaji na biyu, wancan ɗakin dai, waɗancan mutanen. Amf kan kujera a hagu kamar taku uku daga inda nake, bes a 2, midil a 6, tirebul a 4, bolum ɗin jita a 7 ton a 6. Na sa ƙaramar ikwalaiza a tsakani na rage wajen 120 kaɗan kawai. Muka yi awa biyu. Sau biyu ta fara gurnani, duka biyun na juya ne in yi wa mai ganguna magana fuskarta ta kalli sifika, ina juyowa ta yi shiru.

Wani abu ya faru da ban zata ba. A wata waƙa mai sanyi na riƙe D a tsirkiya ta uku firet na 7 sai na ji sautin maimakon ya mutu yana ƙara cika a hankali, iskar sifika ce ke riƙe da shi, in na ɗan karkata kafaɗa ya ƙaru in na dawo ya lafa. Abin nan da ya kore ni gida ranar 3 ga Fabrairu shi ne dai, amma yanzu linzaminsa na hannuna. Mai bes ya ce min bayan mun tashi, abokina yau kam na ji katako. Ya kuma ce tun da na rage bes ɗina shi ma yake jin kansa.

Gaskiyar da zan rubuta don kar in ruɗi kaina, akwai iyakar da ba za ta wuce ba. Waƙoƙi biyu na ƙarshe da mai ganguna ke sakin hannu sosai ina kan gaɓa ne, ƙara kaɗan za ta ɓalle. Waɗannan biyun da tsohuwar zan riƙa yinsu, ba zan tilasta mata ba.

13 ga Afrilu

Na ɗau sautin farko. Makirfo ɗaya gaban sifika, ɗaya kuma kamar taƙi biyu daga ramin f na ƙasa don ya kamo muryar katakon kanta, na haɗa su na ba na katakon kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Da na saurara da abin kunne har shafar yatsana a kan tsirkiya ana ji, da tuk ɗin nan da soso ya cinye ranar nan. Kurakuraina ma duk ana ji, wuri uku oktef ɗina bai fita tare ba, ta saman tana riga ta ƙasan, zan sake ɗauka in na kai 90 a metironom.

Maɓallin ton ya fara ƙarar yashi tsakanin 4 da 5. A jita mai kogo ba murfi a baya, komai ta ramin f ko ramin fikof ake zaro shi, sai an zura siririn tiyo a kan sandar maɓallin kafin a kwance noti don a samu abin jawo shi ya dawo raminsa. Na sayi tiyon amma ban yarda da hannuna a kan wannan ba tukuna, Asabar mai zuwa zan kai wa Baba in tsaya in ga yadda yake yi, in ya buɗe kuma ina so a duba kafasitan, ɗan abin lantarkin da ke haɗe da maɓallin ton, ko .022 ne, don ina jin ton ɗin yana yin duhu da wuri tun daga 5. Zan kuma gaya masa maganar ginshiƙi a bar ta. Tsirkiyoyin wata uku kenan, ta huɗu ta fara dushewa a firet na 5, danshin akwati yau 49.